Kafin Siririyar Laftof Ta Bar Hannunka

Kai yaro, tambayarka ta tayar mini da wani tsohon miki, shi ya sa ka ga na yi shiru jiya. Ka ce duk wanda ya leƙo shago yanzu ƙaramar laftof yake nema, mara nauyi, mai ƙarfi, wadda zai jefa a jaka ya hau mota, kuma kana so ka san wacce za ka nuna masa da abin da za ka duba kafin ka sallame shi. To zauna, ka kifa wayar nan a kan tebur tukuna.

Abin da ka gani haka yake. Lokacin da na fara sana'ar nan a Sabon Garin Zariya, mutum in ya ɗaga laftof ya ji ta da nauyi sai ya ce wannan ita ce mai ƙwari. Yau malami zai taso daga Samaru ya ɗaga ta da hannu ɗaya yana auna ta, don yana da taro a Abuja, zai kama jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, yana so ya buɗe ta a kan cinya ya ƙarasa takardarsa. Likitocin Shika haka, yaran makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan haka. Buƙatarsu gaskiya ce, ban raina ta ba. Sai dai rabinsu ba su san abin da suke roƙo ba, kai kuma aikinka ne ka sani.

Ƙarfi zafi ne, ka riƙe wannan. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, ta Intel da lambarta ta ƙare da U an yi ta ne ta ci wajen wat 15, mai H kuwa wat 45. Wutar da ta ci zafi take zama, kuma dole zafin ya sami hanyar fita. Ka cusa mai H a jikin da bai kai kaurin littafin rasit ba, daidai yake da ka ɗora injin tirela a Keke Napep. Za ta tashi da gudu, can sai ta ji zafi ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, mai ita ya dawo yana cewa ka cuce shi. A sanyin Turai ma haka take yi, balle Zariya a watan Maris da Afrilu. Saboda haka in ɗalibin zanen gine-gine ya zo yana so ya riƙa fitar da manyan zane a kan abin da bai wuce kilo ɗaya da ɗoriya ba, gaya masa gaskiya: ko ya ɗauki nauyi a kafaɗa, ko ya haƙura da gudu. Mai rubutu da lissafi da taron bidiyo kuwa, mai U ta ishe shi har ta yi yawa.

Kuma ka daina bari sitikar i7 tana ruɗin ka kamar yadda take ruɗin kwastoma. i7 mai U ta jen na 6 da na 7 (jen shi ne zubin firosesa, daga tsoho zuwa sabo) ƙwaya biyu masu yin aiki gare ta, i5 mai U ta jen na 8 ƙwaya huɗu. Ga shi Microsoft ta janye hannu daga Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'idarta daga jen na 8 take farawa. Duk abin da ya gaza haka kada ka saka kuɗina a ciki. Yadda ake gane jen daga lambar firosesa ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda ya shekara a shagon nan bai san wannan ba, ya koma sayar da katin waya.

Abin da ya fi damuna da siraran nan shi ne ram, wato wurin da laftof ke riƙe aikin da take yi a lokacin. A irin su ThinkPad X1 Carbon da Dell XPS 13 an liƙe ram ɗin da dalma a jikin bod, babban allon da komai ke kansa, ba cirewa ba ƙari. Wanda ya sayi mai giga 8 ya zauna da giga 8 har ta mutu. HP EliteBook 840 G5 ta ɗan fi su nauyi amma tana da gurbin ram biyu, shi ya sa nake tura masu ƙaramin ƙarfi wajenta. MacBook kuwa tun fitowar M1 a 2020 komai a haɗe yake, har ma'ajiyar. Air ɗinsu ba ta da fanka, ƙurar hunturu ba ta samun mai zuƙo ta ciki, batirinta kuma yana wuni, wannan na yarda. Amma ranar da bod ya tafi, da takardun mai ita yake tafiya. Kuma ta hannu, ko Mac ko Windows, ba ka biya sai ka goge ta gaba ɗaya ka haɗa ta da intanet ka ga ba ta nemi asusun tsohon mai ita ko na wani kamfanin Amurka ba.

Maganar ram ɗin nan ce ta kai ni ga mutumin da har yau in na tuna shi abinci ba ya mini daɗi.

Ya zo mini da babbar riga ta shadda, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa, carbi a hannu. Ya ce aikinsa tafiya ne, yau Abuja gobe Legas, yana son siririya mai inci 13, i7, giga 16, kuma ya kira mini sunan samfurin daidai har da launinta. Ban da ita a shago. Na kira mutumina a Ikeja ya nemo mini mai tsabta, na tura kuɗi daga aljihuna, aka ɗoro ta a mota. Da ta iso ni da kaina na kwana a kanta. Kibod ɗinta ko ɗigon sheƙi babu, kamar ba a taɓa danna shi ba. Batiri lafiya, sikirin ba tabo. Ranar da ya zo ɗauka na tafi Kano sayayya a Farm Centre, na bar wa yaron da ke wurina a lokacin saƙo ɗaya tak: ka manna sitikar shago a kan sukuru kafin ka miƙa ta. Yaron nan yana can yana kallon ƙwallo a waya, ya rubuta rasit, ya kwafi lambar siriyal daga murfin ƙasa, ya rubuta garantin wata ɗaya, ya miƙa. Sitika tana cikin durowa.

Wata bai cika ba sai ga shi da mutum biyu, ɗaya wai lauya ne. Ya dire laftof a kan teburin nan da kake jingine da shi, ya ce ta mutu da kanta yana tsakiyar aiki a otal, na sa ya yi asarar kwangila. Bai shigo ciki ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana ɗaga murya don maƙwabta su ji. Na danna, ko fitilar caji ba ta kawo ba. Na juya ta, lambar murfi ta yi daidai da ta rasit. Amma ina buɗe ta gabana ya faɗi. Harafin A da E sun yi sheƙi, dogon maɓallin ƙasa ya suɗe a gefen dama inda babban yatsa ke sauka. Wannan suɗewar ta shekaru ce, ba ta mako uku ba. Kawunan sukuru duk sun ci, an buɗe su da abin da ba nasu ba. Na ce masa, Alhaji, wannan ba ita ce na sayar maka ba. Sai ya juya ga jama'a ya ce ku ji, ya sayar mini da gawa kuma yana kira na ɓarawo.

Aka kai mu gaban dattawan 'yan sana'armu. Suka duba rasit, suka duba murfi, suka tambaye ni ina shaidata. Me zan nuna? Sheƙin kibod? Suka ce in mayar masa da kuɗinsa don a zauna lafiya, sunan kasuwa ya fi laftof ɗaya. Kuɗin hayar shago na shekarar da na tara, shi na ƙirga masa a gabansu. Ya karɓa ya sake ƙirgawa, har da yi mini nasiha a kan amana.

Da dare na zare murfin. Ƙasan kibod duk tsatsa kore-kore, alamar shayi ko lemo da ya daɗe da zuba ya bushe, fanka kuma ta cushe da ƙura har ta zama kamar auduga. Na bi layin wuta da mita na sami wata 'yar kafasita da ta haɗe, na ɗaga ta, na tsabtace wurin. Ta kawo wuta. Na shiga BIOS, shafin da laftof ke nuna bayanin kanta kafin Windows ta tashi, hannuna yana rawa: lambar siriyal daban, ram giga 8. Tawa giga 16 ce, kuma liƙe take, ba mai iya zare ta. Ashe yana da irinta da ta daɗe da mutuwa a gida, shi ya sa ya san samfuri da launi. Ya sayi tawa, ya musanya murfin ƙasa kawai, ya kawo mini gawarsa, ya tafi da lafiyayya da kuɗi.

Na koma wurin dattawa da ita a kunne. Aka kira shi. Ka san abin da ya ce? Wai ta kwana a hannun mai gyara, ina aka san ba ni na canja bod ɗin ba. Magana ta mutu a nan. Har yanzu yana garin nan, nakan hango motarsa wajen PZ, ana gaishe shi ana rusunawa. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba, kuma kada wani ya zo mini da wa'azin yafiya sai ya biya mini hayar shekarar nan. Yaron kuwa a makon na sallame shi. Na ji wai ya buɗe shagonsa a Kwangila, har yana saka bidiyon koyar da gyara. Haka kuke, 'yan zamani: wata shida a gaban maigida, bidiyon YouTube goma, sai a buga allon suna a rubuta injiniya.

Don haka ga dokar shagon nan, kuma ba shawara ba ce. Siririyar laftof ba ta fita sai ka kunna ta a gaban mai saye, ka shiga BIOS, ka ɗauki hoton lambar siriyal da yawan ram da fuskar rasit a hoto ɗaya, ka tura masa ta WhatsApp yana tsaye. Ka buɗe murfi ka ɗauki hoton bod da sitikar da ke jikinsa, ka yi 'yar alamarmu a inda na nuna maka, wadda ni da kai kaɗai muka sani. Sannan sitikar shago a kan sukuru biyu, ka rubuta a rasit cewa in ta yage garanti ya tashi, haka in ruwa ya shiga. Ya sa hannu. Ko limamin unguwarku ne, ya sa hannu. In ya ce ba ka yarda da shi ba ne, ce masa dokar Oga ce, ya zo ya same ni.

Batiri kuma, tunda don tafiya ake sayen su, kada ka yarda da abin da alamar ƙasan sikirin ta nuna. Buga powercfg /batteryreport ka gwada abin da batirin yake ɗauka yanzu da abin da aka ƙera shi da shi, a Mac ka duba sau nawa aka cika shi. Ka shafa wajen linzamin yatsa, in ka ji ya ɗago to batiri ya kumbura a ƙasa, ajiye ta gefe. Ka gaya wa mai saye kada ya bar ta a but ɗin mota da rana a hanyar Kaduna, kada kuma ya sayi cajar USB-C a tasha don ya ga bakinta ya shiga. Yawancin siraran nan wat 65 suke so, daga caja ta ƙwarai. Mai hawa jirgin sama ya sani batirin da bai wuce 100Wh ba shi ake bari ba tare da neman izini ba, kuma fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin akwatin da za a auna ba. Sauran, su man firosesa da wanke fanka bayan hunturu, ka gan ni ina yi ba sau ɗaya ba.

Tashi ka ɗauko wadda likitan nan ya kawo da safe, ya ce tana zafi tana kashe kanta. Sukurunta masu tauraro ne, ka nemi bakin da ya dace da su, in ka cinye mini kai ɗaya daga kuɗin abincinka zan cire.