Tambaya da Amsa: Dannawa ɗaya za ta kai min talla Facebook da Instagram?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra. Kullum sai na ɗora hoto a Facebook, in koma Instagram in sake rubuta farashi, sannan in shiga WhatsApp. Ƙanena ya ce akwai wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza (manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome da Firefox), a danna sau ɗaya ta aika ko'ina. Na duba wayata har na gaji ban gan ta ba. Gaskiya ne kuwa?
Daga mai turare, Kaduna

AMSA: Wa'alaikis salam Hajiya. Ƙanenki bai yi ƙarya ba, zancen ne bai ƙarasa miki ba. Chrome na waya ba ya karɓar irin waɗannan 'yan manhajojin, sai na kwamfuta. Firefox na Android ne ya buɗe musu ƙofa sosai a Disamba 2023, amma ba kowacce ake samu a can ba.

Ni wata irinsu mai suna Buffer nake amfani da ita a laftof. Ina cikin karanta labari sai in danna ɗan tambarinta a saman burauza, akwati ya buɗe ɗauke da adireshin shafin, in zaɓi inda za a kai, in ce a saki bayan sallar isha'i lokacin da mutane suka zauna da waya. Ta kyauta tana ɗaukar shafukan sada zumunta 3, kowanne saƙo 10 a layi. Ga mai yaɗa labarai irina, sai hamdala. Ke kuwa hotunan kwalabenki a waya suke. Kafin ki tura su kwamfuta, ki jira wuta ta dawo, ai da hannu kin gama tuni.

Akwai kuma wani cikas. Tun 2018, bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu Facebook ba da izininsu ba, Facebook ya hana manhajojin waje ɗora saƙo a akawun ɗin mutum na kansa. Sai kin buɗe shafin kasuwanci, Instagram ɗinki ma ki mayar da shi na sana'a. Yawancin masu ce min "abin ya ƙi aiki" nan suke tuntuɓe.

Na taɓa sauke wata 'yar manhaja da ban san masu ita ba, ta nemi izinin karantawa da sauya duk abin da na buɗe a kowane shafi. Har da na banki ke nan! Nan take na cire ta. Masu yi miki alkawarin aika talla ga duk lambobinki na WhatsApp lokaci guda kuwa, ki yi nesa da su, WhatsApp na rufe layin da ya kama da wannan, kuma kwastomominki duk a layin nan suke.

Shawarata, sauke Meta Business Suite, manhajar kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, a wayarki. Kyauta ce, rubutu ɗaya zai tafi Facebook da Instagram tare, kuma kina iya jera tallan mako guda ranar Juma'a da yamma. Sitatus ɗin WhatsApp dai, Hajiya, sai haƙuri, da hannunki za ki ci gaba da ɗorawa.