Canza ƙarar salansar tsohon babur ba tare da lalata inji ba

Ka ce kana son babur ɗinka CG125 ya riƙa ruri, amma kana tsoron inji. To kada ka taɓa bututun da ya fito daga kan inji, can ƙarshen salansa za ka yi aikinka: zare bututun ciki mai huji-huji, ka rage audugar gilashin da ke naɗe da shi, ka mayar.

Inda mutane ke faɗuwa shi ne kafireta. Hayaƙi na samun hanya, mai zai yi wa iska kaɗan, inji ya ɗau zafi har bawul ya ƙone. Ƙara babban jet (ƙaramin ƙarfe mai huji da mai ke bi a cikin kafireta) da lamba ɗaya, ka zaga da babur, ka kwance fulogi ka duba launin bakinsa. Ruwan ƙasa daidai ne, fari kuwa a ƙara lambar jet.

In yana tas-tas da ka saki totur, duba gasket ɗin wuyan salansa, wato zoben da ke hana hayaƙi yoyo, tukuna.