Tambayoyin Masu Karatu: Koyon Zane Ba Tare da Malami Ba

Wasiƙun da suka zo wa wannan fili a kan zane sun yi yawa, kuma kusan duk masu aiko su mutane ne da ke koya wa kansu a gida. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 2 ke nan ina zana fuskokin mutane daga hotunan waya, amma har yau ba sa kama da masu su. Ido ɗaya ya hau sama, hanci ya karkace. Ko dai ba ni da baiwar ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wanda ya jure shekara 2 yana zane ba baiwa ce ta gagare shi ba, awo ne bai koya ba. Abin da ke faruwa shi ne hannunka yana zana abin da ƙwaƙwalwarka ta sani, ba abin da idonka ke gani ba. Ƙwaƙwalwa ta ɗauki ido da baki da muhimmanci, sai ta sa ka girmama su, ta raina goshi da ƙoƙon kai, sai ka tsuke su. Shi ya sa kusan kowane sabon mai zane yake kai idanu can kusa da gashi.

Ɗauki rula ka auna hoton mutum da ke kallon gaba, daga tsakar ka zuwa haɓa. Za ka tarar idanu suna daidai rabin wannan tsawon. Daga inda gashi ya fara a goshi zuwa haɓa kuwa kashi 3 ne kusan daidai: zuwa gira, zuwa ƙasan hanci, zuwa haɓa. Faɗin fuska a saitin idanu ya kai kimanin faɗin ido 5, kuma tsakanin idanun akwai gurbin ido ɗaya. Kunne yana tsakanin layin gira da layin ƙasan hanci. Gefen baki yakan faɗo ƙarƙashin ƙwayar ido. Wannan awon gama-gari ne, babu wanda ya dace da shi cif. Amfaninsa shi ne ka gane inda mutumin da kake zanawa ya saɓa masa, domin a wannan saɓanin kamanninsa suke.

Kuskure na biyu, wanda na tabbata kana yi, shi ne farawa da ido ɗaya, ka gama shi tsaf har da gashin ido, sannan ka tafi na biyu. Daina. Fara da siffar kai gaba ɗaya, da layi mara nauyi wanda da ƙyar ake ganinsa. Ja layi daga goshi zuwa haɓa ta tsakiyar fuska, ka ja na gira da na hanci da na baki a gicciye. In kan ya karkata, duk layukan nan su karkata tare. Kada ka taɓa ƙananan abubuwa sai manyan sun zauna. Minti 20 na farko duka su tafi a nan, ba asara ba ce.

Ga yadda ake awo da fensir. Miƙe hannunka gaba ɗaya har gwiwar hannu ta kulle, kanne ido ɗaya, saita tsinin fensir a farkon abin da kake aunawa, ka zame babban yatsa zuwa ƙarshensa. Wannan tazarar ita ce mudunka: sau nawa ta shiga faɗin fuskar, sau nawa ta shiga tsawonta? In ka lanƙwasa hannu ko ka gyara zama, awon ya lalace, sai an sake. Sannan riƙe fensir a tsaye ka duba me ke ƙarƙashin me, ka riƙe shi a kwance ka duba me ke saitin me. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to sai dai idon mai zane ba ya sanin ƙimar sai ya daɗe yana aiki da mudun.

Abu ɗaya game da waya: hoton da aka ɗauka kusa da fuska yana kumbura hanci ya ɓoye kunnuwa. Nemi wanda aka ɗauka daga nesa kaɗan. Kuma ka riƙa zana abubuwa na zahiri, kofi, takalmi, hannunka na hagu, domin hoto ya riga ya shimfiɗe maka abin a fili, ya ɗauke maka rabin aikin da ya kamata idonka ya koya.

Tambaya: Malam, na ga fensira masu rubutun HB da 2B da 6B. Mene ne bambancinsu, kuma sai na sayi duka? Daga wata ɗaliba.

Amsa: A'a 'yar'uwa, guda 3 sun ishe ki. Bakin fensir haɗi ne na wani baƙin ma'adini da ake kira girafait da kuma yumɓu, dabarar da Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a Faransa a 1795. In yumɓu ya yi yawa, fensir ya yi tauri, layinsa ya yi fari-fari, shi ne dangin H. In girafait ya rinjaya, ya yi taushi da baƙi, shi ne dangin B, kuma lamba na hawa baƙin na ƙaruwa. HB kuwa yana tsakiyarsu. Ki yi shata da HB, inuwa da 2B, wurare masu duhu sosai da 4B ko 6B. Ki yi hattara da 2H zuwa sama: in kin danna yana huda fuskar takarda, ko kin goge sai kwarmin ya fito fari a cikin inuwa.

Takardar firinta mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita ta isa atisaye, kuma arharta alheri ce, don ba za ki ji tsoron ɓata ta ba. Zanen da za ki ajiye kuwa, nemi mai giram 120 zuwa 200, wadda fuskarta ke da ɗan kaushi da zai kama fensir. Ki ƙara da kilina mai taushi irin wadda ake murzawa kamar ƙullu. Ba a gurza ta, dangwalawa ake yi ta ɗauke baƙin.

Tambaya: Ranka ya daɗe, shatata tana kyau, amma da na sa inuwa sai zanen ya yi dauɗa, ya koma toka-toka kamar an shafe shi. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ina kyautata zaton da yatsa kake murza inuwar. Yatsa yana da maiƙo, maiƙon yana liƙe girafait a takarda ya bar tabon da ba ya goguwa. Gefen tafin hannunka ma yana jan baƙi yana yawo da shi. Sa farar takarda ƙarƙashin hannunka. In dole sai ka murza, naɗe takarda ta yi tsini ko ka yi amfani da auduga, kuma kaɗan.

Amma babbar matsalar ba dauɗa ba ce, tsoron baƙi ne. Sabon mai zane yakan tsaya a tsakiya, ba fari ƙal, ba baƙi wuluk, sai komai ya zama toka. Yi wannan: zana 'yan akwatuna 5 a jere. Bar na farko fari, cika na biyar da iyakar baƙin da 6B zai bayar, ka raba na tsakiya 3 hawa-hawa. Ajiye wannan ma'aunin kusa da kai, kowane zane ka tambayi kanka ko duka biyar ɗin sun fito.

Sannan ɗauki ƙwai, ɗora shi a kan farar takarda, kashe duk fitilu ka bar ɗaya daga gefe. Zauna ka dube shi minti 2 kafin ka taɓa fensir. Za ka ga ɗigon haske inda fitila ta fi bugu. Daga nan launi yana dusashewa a hankali har ya kai wata ɗamara mai duhu da ta zagaye ƙwan. Wannan duhun ba a can bakin ƙwan yake ba, yana ɗan ciki, domin bayansa akwai wani siririn haske da takardar ta mayar masa daga ƙasa. Sai inuwar da ƙwan ya jefa a kan takarda, wadda ta fi ko'ina baƙi daidai inda ya taɓa ƙasa, bakinta yana da kaifi a kusa, yana laushi in ya yi nisa. Wancan siririn hasken shi ke sa abu ya yi kamar za a ɗauka, amma a nan mutane da yawa ke faɗuwa: suna haska shi fiye da kima. Komai haskensa, yana cikin inuwa, bai kamata ya kai ko mafi duhun ɓangaren da fitila ta haska ba.

Ƙanƙance idanunka har abin ya yi dishi-dishi. Ƙananan bambance-bambance za su ɓace, a bar ka da fili biyu, na haske da na inuwa. Fara raba waɗannan biyun. Kuma baƙi ana gina shi ne shimfiɗa kan shimfiɗa da gefen bakin fensir. In ka danna da ƙarfi tashi ɗaya, takardar ta daddale, wurin ya riƙa ƙyalli, ba zai ƙara karɓar komai ba. Wanda ke son baƙi mara ƙyalli sai ya koma ga gawayi.

Tambaya: Ba ni da malami, mutanen gida kuma duk abin da na zana sai su ce ya yi kyau. Yaya zan gane kurakuraina? Daga wata uwargida.

Amsa: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a yau, Malama, domin aikin malamin zane kusan duka nuna kuskure ne, kuma mai koya wa kansa dole ya samo abin da zai maye gurbinsa. Laifi tudu ne, naki kike takawa. Idon da ya yi awa guda yana kallon zane ya saba da karkatarsa har ya daina ganinta, sai an ba shi mamaki.

Nuna zanen ga madubi. Da ya juya, muƙamuƙin da ya zame da idon da ya hau za su yi tsalle su fito. Leonardo da Vinci, shahararren mai zane ɗan Italiya, ya ba masu zane wannan shawarar tun fiye da shekara 500 da suka wuce, kuma yau waya ma tana iya juya hoto haka. Ki kifa zanen ƙafa a sama tare da hoton da kike kwaikwaya, ki gwada su. Duk minti 15 ki tashi ki ja baya taku 3 ki duba. Ki duba kuma gurbin da ke tsakanin abubuwa, kamar filin da ke tsakanin hannu da ƙugu: ƙwaƙwalwa ba ta da sunansa, don haka ba ta yi miki ƙarya a kansa.

Wani kuskuren daga zama yake zuwa. In takarda tana kwance a kan tebur, kina kallonta a gicciye, saman yana nesa da ke, sai ki tsawaita shi ba ki sani ba. Jingina allon zanen ya fuskance ki.

Ki rubuta kwanan wata a kowane zane, da kuskure ɗaya tak da kika gano a bayansa. Kada ki yaga ko ɗaya. Bayan zane 20 ki karanta bayanan, za ki ga kuskure guda yana ta maimaituwa. Shi ne darasinki na wata mai zuwa.

Tambaya: Shin raba hoto gida-gida da rula kafin a kwafa ha'inci ne? Daga wani matashi.

Amsa: Ba ha'inci ba ne. Masu zanen tsohuwar Masar sun yi aiki da irin waɗannan layukan a bangon kaburbura, mai zane Albrecht Dürer na Jamus ma ya nuna dabarar a ƙarni na 16. Illarta ɗaya: tana yi maka awon da kai ya kamata ka koya. Fara da gidaje ƙanana, ka riƙa faɗaɗa su, har ka koma layi 2 kacal, na tsaye da na kwance, daga nan ka bar su.

Tambaya: Malam, shekarata 38, ina da aiki da iyali, rabin awa kawai nake samu. Hannuna kuma rawa yake yi, layina kamar gashi-gashi. Ban makara ba? Daga wani magidanci.

Amsa: Ba ka makara ba, Malam. Vincent van Gogh, shahararren mai zane ɗan ƙasar Holan, sai a 1880 ya kama zane gadan-gadan yana da shekara 27. Yawancin abin da ya iya shi ya koya wa kansa, yana ta maimaita kwafar darussan zane na Charles Bargue, wani mai zane ɗan Faransa, kuma kafin rasuwarsa a 1890 ya bar zanen hannu fiye da 1,000. Rabin awa kullum ya fi awa 4 sau ɗaya a mako, domin hannu da ido da maimaici suke riƙe abu.

Layi mai gashi-gashi ba daga rawar hannu yake ba. Kana riƙe fensir kusa da baki kamar mai rubutu, kana motsa yatsu kawai, yatsu kuwa ba sa iya jan layin da ya wuce ɗan taƙi, sai ka yi ta jona guntaye. Ja riƙonka baya, ɗaga wuyan hannu, motsin ya taso daga gwiwar hannu da kafaɗa. Sa ɗigo 2 nesa da juna, shawagi da fensir a sama tsakaninsu sau 3 ba tare da ya taɓa takarda ba, sannan ka ja layin tashi ɗaya, idonka a kan ɗigon da za ka, ba a kan bakin fensir ba. In ya kauce ka bar shi, kada ka bi ka gyara.

Minti 5 na farko ka yi wannan, da da'ira da siffar ƙwai. Minti 5 na gaba zane mai sauri, kowanne daƙiƙa 30 zuwa minti 1, don kama tsayuwar abu da karkatarsa kawai. Ragowar minti 20 ka ba abu ɗaya na zahiri da ke gabanka. A watan farko ka tsaya kan kwali da gwangwani da ƙwallo, domin hannu gwangwani ne, ƙirji kwali, kai kuwa ƙwallo da aka ɗora wa muƙamuƙi. Da gwangwanin ka lura da wannan: bakinsa ba da'ira ba ce a idonka, siffar ƙwai ce shimfiɗaɗɗiya, gefenta biyu a lanƙwashe, ba masu tsini ba. In ka ɗaga shi saitin idonka bakin ya koma layi miƙaƙƙe, kana sauke shi yana buɗewa. Saboda haka gindin gwangwanin da ke kan tebur ya fi bakinsa lanƙwasa, tunda ya fi nisa da saitin ido. Zana shi a hawa 3 daban-daban a shafi ɗaya, ka aiko mana mu gani a fitowa ta gaba.