Amsa: Su waye masu jar dara da ke yi wa yara magani a Amurka?

Malam, ka ce ka ga bidiyon wasu mutane sanye da jar dara mai hoton jinjirin wata da takobi suna fareti da ganguna, kana tambaya ko Musulmi ne, kuma ko za su taimaki ɗanka mai lanƙwasasshiyar ƙafa.

Sunansu Shriners. An kafa ƙungiyar a New York a 1872, kuma sai wanda ya riga ya zama ɗan Freemason, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka ta maza, ake karɓa. Ba ƙungiyar Musulunci ba ce. Darar da sunayen Larabci duk aro ne don ado. Kiɗan kuwa tsohuwar al'adarsu ce: rassansu da dama suna da 'yan badujala, har John Philip Sousa, shahararren mai tsara kiɗan fareti na Amurka wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne, ya tsara musu taken fareti a 1923.

Aikin yara kam gaskiya ne, kuma abin yabo ne. Asibitinsu na farko sun buɗe shi a birnin Shreveport na Amurka a 1922. Yanzu suna da asibitoci a Amurka da Kanada da Meziko, suna duba matsalolin ƙashi, ƙuna, laka da tsagewar leɓe, ko iyaye na da kuɗi ko babu. Ba sai ka shiga ƙungiyar ba kafin a duba ɗanka.

Ka kiyayi masu neman kuɗin rajista a Facebook ko WhatsApp da sunansu, damfara ce. Kada kuma jiran tafiya waje ya ɓata maka lokaci, domin irin wannan ƙafa ta fi saurin gyaruwa tun yaro yana jariri. Ka fara kai shi wurin likitan ƙashi, kamar a asibitin Dala da ke Kano. Batun hukuncin shiga ƙungiyar kuwa, malamai za ka tambaya.