Tambayoyinku: shi tan ɗin nan buhu nawa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni hatsi nake sayarwa a Gusau, buhu da kwano na sani. Amma kullum a rediyo sai ka ji an ce tan kaza, kamar a 2024 da aka ce gwamnatin tarayya za ta fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunanta. Don Allah shi tan ɗin nan nawa ne, kuma yaya mutum zai gane yawan abin da ake faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Tan ɗaya kilo 1,000 ne cif, wato in buhun masararka ya cika kilo 100 to buhu 10 ke nan, in kuma siminti ne mai kilo 50 sai ka tara buhu 20 kafin ka ce tan ɗaya. Tirelar da ke ɗaukar buhun siminti 600 tan 30 ta ɗauka, riƙe wannan da kyau domin da shi za ka riƙa auna manyan lambobi.

To bari mu ɗauki wanda ka ambata. Tan 42,000 buhu 420,000 ne na kilo 100, in za a loda shi tirela 1,400 zai ci, kuma wallahi duk wanda ya ga wannan jerin motoci a hanya zai ce yunwa ta ƙare a ƙasar nan. Amma ka raba shi ka gani. Mu a Najeriya mun haura mutum miliyan 200, hatsin kuma kilo miliyan 42 ne, ka ga da za a bi kowa a ba shi rabonsa giram 210 ne ma da ƙyar, kai da ke awo ka san buhu kan ci wajen kwano 40, to wannan ko kashi ɗaya cikin goma na kwano bai kai ba. Na san ba don kowa aka fitar ba, don masu tsananin buƙata ne, kuma wanda ya samu ya rage zafi. Abin da ke damuna shi ne yadda ake jefa mana lamba a labarai ba tare da an ce mutum nawa za ta ciyar ba, kuma na kwana nawa.

In aka shiga miliyoyi ma hanyar ɗaya ce. Masana'antar simintin Dangote da ke Obajana a jihar Kogi tana da ƙarfin yin tan miliyan 16.25 a shekara, ninka sau 20 ka samu buhu miliyan 325.

Sai dai ka kula, tan ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Na Amurka kusan kilo 907 ne, tsohon na Ingila kuma kilo 1,016, namu da ake cinikin riɗi da waken suya da shi a Dawanau shi ne mai 1,000. Kuma buhu ba ma'aunin nauyi ba ne, wani ya cika wani ya gaza, ɗanyen hatsi ma in ya bushe nauyinsa raguwa yake. Don haka duk ranar da wani kamfani ya nemi kaya a wurinka da tan, a rubuta a takarda cewa mai kilo 1,000 ake nufi, a ɗora kayan a sikeli kana tsaye kafin mota ta tashi.