Tambayoyinku: Ana zuwa Gashaka Gumti da yara kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Maigidana ne ya ga hoton wani rafi a Facebook wai a Gashaka Gumti yake, ruwa garau har ana hango duwatsun ƙasa, shikenan ya kafe sai mun je da yara hutun ƙarshen shekara. Ni kuma gabana faɗuwa yake, daji ne fa. Ana zuwa da yara? Kuma za su iya wanka a ruwan? Daga Maman 'yan biyu, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Maman 'yan biyu. Ki kwantar da hankalinki, ana zuwa, kuma maigida ya iya zaɓen lokaci don daga Disamba zuwa Maris ne wurin yake shiguwa, da damina kam kogunan cika suke su tare hanya. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, tun 1991 gwamnatin tarayya ta kafa shi, ya ratsa Taraba da Adamawa, a cikinsa ma Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, mita 2,419. Daga kan tsaunukan ne ruwan yake gangarowa shi ya sa kika ganshi tas ga sanyi kamar na randa, yana bin kan duwatsu babu laka, har ya je ya faɗa kogin Taraba daga nan sai Binuwai.

Daga Gombe za ku bi Numan zuwa Jalingo, sai Bali, sai Serti inda ofishin gandun yake. Tafiya ce mai nisa, ku kwana a hanya kar ku wahalar da yara. A Serti za ku biya kuɗin shiga a haɗa ku da jami'in gandu, kuma tun kafin ku bar gida maigida ya tuntuɓe su ya ji yanayin tsaro da na hanya, motar ma ta zama mai tudu.

To maganar wanka, nan ne nake so ki tsaya da ƙafarki. Hasken ruwa ba ya nuna abin da ke kwance cikinsa, kogin Mayo Kam akwai dorina akwai kada musamman inda ruwa ya yi gurbi ya kwanta shiru, ita dorina kuwa ba ta da wasa ko kaɗan. Inda jami'in ya nuna kawai za a shiga, wurin da ruwa bai wuce gwiwar yaro ba, ke kuma kina riƙe da hannu don duwatsun akwai santsi. Sannan bakin ruwa mai gudu akwai wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje, cizonsu ne ke kawo cutar makantar kogi, ki sa musu riga mai dogon hannu da wando ki shafa musu maganin sauro. Ruwan sha ku taho da naku ko a tafasa, komai kyansa a ido.

Abinci kuma a rufe a jaka saboda birrai, gwaggon biri bai san kunya ba zai fizge leda a hannun yaro ya haye bishiya. Ledojin ma ku tattaro abinku ku fito da su don Allah.