Tsakanin "land" na Bature da "sauka" ta Bahaushe

Wani mai karatu daga unguwar Nima a Accra ya rubuto yana cewa: "Malam, mun je filin jirgin Kotoka tarbar mahajjata, sai na ji samari suna cewa jirgi ya yi landin. Wannan kalma daidai take da sauka?"

A maganar jirgin sama, daidai suke. Amma asalinsu ba ɗaya ba ne. A Turanci land tudu ne, wato busasshiyar ƙasa, kishiyar ruwa. Mutanen Ingila matuƙa teku ne, don haka aikatau ɗin ya fara ne da nufin fitowa daga ruwa zuwa gaɓa. Da jirgin sama ya zo, aka yafa masa kalmar. Har kumbon Apollo 11 da ya isa duniyar wata a 1969, da ita aka ba da labarinsa. Masuntan Jamestown ta Accra idan sun fito da kifi bakin gaɓa, shi ma Bature land zai ce.

Bahaushe kuwa bafatake ne. Saukarsa daga bisa take zuwa ƙasa: daga kan jaki ko raƙumi, a sauke kaya, a kwana. Daga nan aka sami masauki da mai masauki, kuma wurin da ayarin fataken goro ke yada zango shi ne ya zama Zongo a bakin mutanen Kumasi da Accra. Shi ya sa ba ma cewa jirgin ruwa ya sauka a tashar Tema ta Ghana. Sai dai ya iso, mutanen ciki su sauka.

Ni a ganina sauka ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Mace mai ciki ana yi mata addu'a Allah ya sauke ta lafiya. Yaro ya kammala izu 60, a ce ya yi sauka, a tara dangi a yi walima. Damina ta sauka, farashin masara ya sauka (ko da yake an daɗe ba a ji wannan ba), shugaba ya sauka daga mulki. Babu ɗaya da land za ta ɗauka.

Land ma tana da nata. Bature zai yi amfani da ita ga wanda ya sami aiki, ko ya jefa kansa cikin rigima, ko naushinsa ya sami abokin dambe. A nan kada ka kuskura ka sa sauka.

Wata baiwar Allah daga Aboabo ta tambayi bambancin sauka da dira. Dira akwai tsalle da ba-zata a ciki. Yaro ya diro daga katanga, 'yan sanda sun yi wa gida dirar mikiya. Baƙon da ka shirya wa ɗaki sauka ya yi. Wanda ka gani tsakar dare da jakarsa, dira ya yi.

Ta kuma tambayi cikon karin maganar nan ta motar kwaɗayi, wato: kowa ya hau motar kwaɗayi, zai sauka a tashar wulaƙanci. Mota da tasha sun nuna ba tsohuwa ba ce sosai.